Wuya Ɗaya

Talata, da hantsi

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ki shafa mini kan ƙaramar, ki ce mata ban manta da alkawarin 'yan kunnenta ba.

Na san za ki ce me ya sami Auta da rubuta wasiƙa kamar wayoyi sun ƙare a duniya. To, kin dai san gidanmu. Bangon da ke tsakanin ɗakina da na Baba bai fi kwali ba, shi kuwa mutumin da ya shekara arba'in yana kara agogo a kunne ya gane inda ya lalace, ba a raɗa kusa da shi. Duk abin da kika ji ina faɗa miki a waya, wai lafiya lau, yana ci yana sha, don kunnensa nake faɗa. Gaskiyar magana ita ce Baba ba ya cin abinci.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna. Da farko na ɗauka zafin rashi ne, zai lafa. Amma har yau rabin kofin shayi ne da safe, da rana ya yi cokali biyu ya ture kwano, da yamma ya ce ya ƙoshi. Jiya na lallaɓa shi muka je wurin likita. Da ya hau sikeli sai da na sake dubawa, kilo tara ya zube. Likitan ya ja ni gefe ya ce bai ga wata cuta ba, amma jikin tsoho ba ya jure irin wannan. Ya ba mu mako uku. Idan sikeli bai motsa sama ba, zai kwantar da shi ya zura masa robar abinci ta hanci. Yaya, a asibitin nan Inna ta cika. In aka kwantar da Baba a can da roba a hanci, ba na jin zai dawo gidan nan, kuma tsoro nake ji.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Duk maganin buɗe ciki da muke sayarwa a kantinmu na kwaso masa, ga kwalaben can sun jeru a teburinsa tsakanin matattun agogai. Goggo ta kawo romon kaza har sau uku, ya yi mata godiya, ni na shanye.

Shekaranjiya ne na gane bakin zaren. Maƙwabciyarmu ta sama tana soya albasa, ƙamshin ya shigo ta taga. Sai na ga Baba ya ɗaga kai daga agogon da yake juyawa a hannu, ya ja numfashi. Can ya girgiza kai ya ce, "Ba ita ba ce," ya mayar da kansa ƙasa. Miyar Inna yake nema.

Ki yi dariyarki, na ba ki izini. Wai ni ce yau nake neman miyar Inna, ni da nake jera baƙaƙen albasarta a bakin kwano kamar 'yan makaranta a layi, har ta laƙaba mini Mai Tsince. Kin tuna ranar da na dawo daga gidan ƙawata na ce miyar mamansu ta fi tamu, don tasu ja ce wur, tamu kuwa kamar an wanke tukunya a ciki? Ke kika zabga mini ludayi a baya. Inna ko ɗagowa daga keken ɗinki ba ta yi ba, da zare a bakinta ta ce, "Ƙyale ta, bakinta ne bai girma ba." Na shekara goma ina kukan taliyar leda. Yanzu ga ni da shekara talatin da huɗu, bakin ya girma, mai miyar ba ta nan, kuma ban taɓa tsayawa minti biyar a kicin na ga yadda take yi ba.

Na tuna lokacin da za ki koma can ta rubuta miki yadda ake yin ta a takarda. Don Allah in tana nan ki ba direban da ya kawo miki wannan, jibi zai juyo.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutan gidan. Na ji daɗin jin ƙafar ta yi sauƙi, amma ki rage tsayuwar nan a wurin aiki, ba a kanki aka fara ba. Saƙo ya iso, Allah ya bar zumunci.

Ba ki gaya mini a bayan takardar awo Inna ta rubuta ba. Ina buɗewa sai ga rubutunta na fensir, kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza, na wata mata da ko sunanta ba ta sa ba, sai "mai haƙorin nan". Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka na more, sannan na yi dariya, sannan na juya takardar.

Kin san ni da awo. Shekara tara ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani, ba na yin abu da ka. Na aro ƙaramin sikelinmu na zo da shi gida. Albasa uku manya, na yanka. Tumatir, tattasai, tafarnuwa, citta, ƙashi mai ɓargo, 'yar kabewa don kauri, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har tsohuwar tukunyarta na sauko da ita, mai lotsattsen gefen nan da murfin da ba nata ba. Komai ya tafi daidai sai layin ƙarshe: "Sai ki rage wuta, ki ba ta wuya ɗaya."

Kin rubuta a gefe cewa wuyan kaza ne, haka kike yi shekara goma sha biyar, ko da yake kin ce taki ba ta taɓa fitowa kamar ta Inna ba. To, na sa wuyan kaza. Na tsaya a kanta da agogo a hannu ina juyawa, ban matsa ko nan da can ba, don kada ta kama. Ta fito ja, mai kyau, kamar ta hoton gwangwani. Na kai wa Baba da shinkafa. Ya ɗanɗana, ya ce, "Allah ya yi albarka, ta yi daɗi," ya ajiye cokali.

Yaya, da ya zage ni da ya fi mini. Yaushe Baba ya taɓa yabon miya? Kin manta yadda suke yi? Kullum in aka ajiye masa kwano sai ya sunkuya ya shinshina, ya dubi Inna ta saman tabarau ya ce, "Tela, yau ma?" Ita kuma ta ce, "Mai Agogo, in ba ka so ajiye." Ya cinye tas, ya miƙa a ƙara. Mu muna gefe muna ƙunshe dariya, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar yau ma me ba. Yabon nan da ya yi mini irin wanda ake yi wa baƙo ne.

Washegari na ce ƙila wuyan rago take nufi. Ranar Juma'a na gwada na saniya. Mahaucin bakin titi har ya gane ni, ina doso shi ya fara wasa wuƙa yana cewa, "Hajiyar wuya, yau na wa za mu sare?" Na ce na wanda ya fi surutu. Jiya kuma wani tunani ya zo mini, na ce ko wuya ta wahala take nufi, wato a gana wa miya azaba. Na buɗe mata wuta ta yi ta tafasa, na yi ta dukanta da ludayi har ta fantsal mini a riga. Ita ma "ta yi daɗi" ta samu, da cokali biyu.

Ban nuna masa takardar ba. Tun da aka yi rasuwar bai ambaci Inna ba ko sau ɗaya, in Goggo ta ɗauko zancenta sai ya tashi ya shiga ɗaki. Ina tsoron ya ga rubutunta abin ya ƙara dagulewa.

Firij ya cika da miya kala huɗu. Maƙwabciyar sama ta ce in na gaji da kantin magani in buɗe gidan abinci. Ki sake tunani don Allah, ko akwai abin da ta faɗa miki da baki wanda ba ta rubuta ba.

Taki,
Auta


Laraba

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwar gajeriya ce.

Saura kwana shida mu koma wurin likita. Na auna Baba a gida, ya ƙara zubar da rabin kilo. Jiya na yi abin da nake jin kunyarsa. Na ajiye masa abinci ya ture, sai kawai na ji bakina yana cewa ai ba shi kaɗai aka yi wa mutuwa ba, ni ma uwa na rasa, kuma in so yake ya bi ta ya bar ni da kwanuka to ya faɗa mini. Bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Auta, ba ƙi nake yi ba. Bakin ne ya mutu. Komai na sa, kamar takarda nake tauna." Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya dafa kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan.

Ni kuma nawa bakin sai yanzu ya tashi. A wurin aiki yaran da muke tare suka dafa taliyar leda suka zuba mini, na kasa haɗiyewa, gishiri ne zalla da ƙamshin roba. Wai a kan wannan na yi ta birgima a ƙasa ina yarinya. Abin da nake kwaɗayi yanzu wani ɗanɗano ne can ƙasan harshe, mai ɗan ɗaci-ɗaci, da nauyi, wanda yake zama a baki bayan an gama ci. Ina jin sa kamar in miƙa hannu in ɗauko, amma ban san sunansa ba.

Rigunansa duk sun yi masa yawa. Farar nan da Inna ta ɗinka masa, wadda yake sawa in zai fita, yanzu wuyanta har ƙashin ƙirjinsa ake gani. Ba zan kai shi gaban likita a haka ba. Keken yana nan a ɗan lungun bakin kicin inda ta bar shi, da mayafinsa a kai, ban taɓa shi ba. Gobe ba ni da aiki, zan daure in buɗe in rage masa wuyan. Ɗan abin da ta koya mana da dole bai gudu duka ba.

In da hali ki nemi hutu ki zo kafin Talata. Ba na so in shiga asibitin nan ni kaɗai.

Auta


Talata, da la'asar

Yayata, 'yar uwata rabin jiki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidan da yarana duka. Na samu saƙonki cewa ba su ba ki hutu ba sai ƙarshen wata. Kada ki damu, ki nemi wuri ki zauna, don labarin da tsawo, kuma akwai inda za ki ji kunya.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗora miya, don ban iya daina gwadawa ba. Wuyan ma ban saya ba, na gaji da mahauci da bakinsa. Na haɗa komai, na rage wuta, na ce bari in ɗan fara rigar kafin ta yi. Na yaye mayafin keke. Almakashinta na nan, da guntun alli, da tef ɗin awo a rataye a jikin wani ɗan agogo mai ƙura da ban taɓa lura da shi ba. Zaren da ke kai ma fari ne, kamar ta san me zan zo yi.

Na farke wuyan, na rage, na kafa allurai, na fara taka keke. Kin san ƙarar nan tasa, da ɗan tsallen da yake yi duk taku huɗu. Ina jin ta sai gidan ya dawo mini yadda yake da. Ga ki kina guga a tsakar ɗaki kina haddar karatu, ga rediyon Baba, ga mata biyu a kan benci suna jiran kayansu suna gulmar ta uku. Ɗinkin ya karkace, na farke na sake. Wallahi na manta da akwai wata tukunya a duniya.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Na yi tsalle na faɗa kicin ina salati, miya ta kama, albasa da tumatir sun manne a gindin tukunya sun yi baƙi-baƙi. Ban san lokacin da hannuna ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba ba, ta yi cuuu, na sa ludayi na kankare gindin na juya. Ina juyawa jan nan ya tafi, ta koma kalar ƙasa-ƙasa, ga baƙaƙen albasa suna yawo a sama. Ƙamshin ya bugi fuskata. Na tsaya da ludayi a hannu kamar an dasa ni, don sau dubu na ga Inna ta taso a guje daga kan keke ta yi wannan abin da kofi, ni kuwa ina ɗauka ɓarna take gyarawa.

Sai na ji takun silifas a bayana. Baba ne a bakin ƙofa, dafe da bango, da 'yar shara a jikinsa. Rabonsa da zuwa ɓangaren kicin tun Inna na da rai. Ya dubi keke, ya dubi rigarsa a ƙarƙashin allura, ya dubi tukunya. Ya ce, "Wa ya ce ki ba ta wuya?"

Na ce, "Baba, yau ban sa wuya ba."

Ya ce, "Ga shi kuwa kina ɗinkawa."

Yaya, wuyan riga! Wuya ɗaya, wato a bar miya a kan wuta iya lokacin da za a ɗinka wuyan riga guda. Shekara goma sha biyar kina cusa wa 'ya'yan mutane wuyan kaza, ni kuma na kusa ƙarar da wuyan dabbobin unguwa. Na zauna a ƙasan kicin ina dariya hawaye na zuba, na ɗauko takardar daga aljihu na miƙa masa, tunda abin da nake ɓoyewa ya riga ya fito.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Na ja masa kujerar keke ya zauna. Sai ga Baba yana magana, maganar da bai yi ba wata huɗu. Ya ce Inna ba ta taɓa dafa abu da agogo ba, da ɗinki take aunawa. Shayi maɓalli biyu ne, shinkafa hannu ɗaya, miya wuya ɗaya. Ya ce ya taɓa auna wuyan nata a ɓoye, minti arba'in ne cif, kuma miyar tana buƙatar talatin da biyar, shi ya sa kullum sai ta kama. Shekarar da aka haife ki ya haɗa mata ɗan agogo mai ƙararrawa da hannunsa don ta riƙa tashi a kan lokaci. Ta yi godiya sosai, ta kafa ƙusa ta rataye shi, ta mayar da shi maratayin tef. Ya ce, "Shekara arba'in ina ce mata ta yi ƙauri. Ban san ƙaurin nake ci ba."

Na zuba masa a tsohon kwanonsa, da burodi don shinkafa ba ta nuna ba. A nan bakin kicin ya ci, a kan kujerar keke. Ban ƙirga cokulan ba, na juya baya ina wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Da na waiwayo yana goge kwanon da ɓawon burodi. Ya ce nawa wuyan ya kusa awa guda, ɗinkina da sauran gyara, miyar ta zarce. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Ni ma na zuba. Ɗanɗanon nan da na ce miki ban san sunansa ba, ashe ƙauri ne. Baƙaƙen albasar da na yi ƙuruciyata ina jerawa a bakin kwano, su na bi da cokali ina tsincewa ina ci, har gindin tukunya na kankare. Ina ma Inna ta ga Mai Tsince ranar.

Tun daga nan kullum sai na ɗora tukunya na hau keke. Na gwada yin ta da agogo, in bar ta minti arba'in ina zaune, amma ba ta yiwuwa, hannuna ba ya haƙuri, sai na tashi na juya. Sai da ɗinkin nake iya mantawa da ita. Ban ce miki Baba ya warke ba. Jiya da rana ya ci rabi ya bari, kuma ranar Asabar na same shi a lungun keke riƙe da tef yana hawaye. Amma yanzu yana ambatonta, har ya ba Goggo labarin agogon.

Yau da safe muka je asibiti, da farar rigarsa mai karkataccen wuya. Sikeli ya hau da kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Likita ya ce a bar maganar roba, mu dawo bayan wata guda. Ya tambaye ni wane magani na ba shi, na ce na gida ne.

Da muka dawo na ajiye masa abincin rana. Ya sunkuya ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Auta, yau ma?" Na san amsar, tana bakina, amma ba tawa ba ce. Na tsaya kawai har ya gama ya miƙo kwano, na ƙara masa.

Yanzu ga roƙona. Rigunan Baba bakwai ne, na gama da shida. Ki tattaro na yara da na maigidan, duk wadda wuyanta ya saki ko ya yage, ki ba direba ya taho da su. In babu masu yagewa ki aiko da masu lafiyar, zan farke.

Ki gaida kowa. Ki daina sayen wuyan kaza.

Ƙanwarki,
Mai Tsince